Daga Kuɗin Ƙasa Zuwa Kuɗin Fansa: Haraji da Bashi a Gidajen Manoman Ƙasar Kaya, Mafara da Bakura

Gabatarwa

A ƙauyukan da ke bin gaɓar Gulbin Sakkwato, daga ƙasar Sarkin Kayan Maradun zuwa Talatar Mafara da ƙasar Sarkin Burmin Bakura, arzikin magidanci shi ne abin da ya saura a rumbu bayan masu haƙƙi sun gama ɗiba. Kaka ce lokacin da hatsi ya fi araha, kuma ita ce lokacin da mai bin bashi da mai karɓar haraji da hidimar aure suke yin sallama a ƙofa guda. Wannan maƙala ta dubi yadda waɗannan haƙƙoƙi suka sauya kama a yankin tun daga mulkin mallaka. Abin da ta fi mayar da hankali a kai shi ne lokacin biya da nau'in abin biya, domin sau da yawa su ne suke karya gida fiye da yawan kuɗin.

Kalmomin bashi

Hausa ta bambanta abubuwan da mai nazari na waje kan haɗe su wuri ɗaya. Aro shi ne karɓar abu a mayar da shi kansa, kamar garma ko jaki. Rance kuwa ana mayar da kwatankwacinsa ne, kamar kuɗi ko mudun gero. Bashi ya fi su faɗi, kuma ginin jimlarsa abin lura ne: cin sa ake yi, wanda ya bayar kuma bin sa yake yi. Sai jingina, wato ajiye gona ko kadara a hannun mai kuɗi har a biya. Akwai kuma falle, wanda Polly Hill ta bayyana a littafinta na 1972 kan Ɓatagarawa: karɓar hatsi da damina, a biya da kaka da ƙari, wani lokaci ninki. A ɓangaren mata akwai adashi da biki, inda gudummawar da aka kawo ranar suna ko aure take zama nauyi a wuyan wadda ta karɓa. Ba a kiran biki bashi a bainar jama'a, amma matar da ta kasa ramawa ta san hukuncinsa. Shi ya sa karin maganar nan ta cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, ta fi kusa da bayanin tattalin arziki fiye da lallashin wanda ake bi.

Harajin Turawa da gandu

Ƙorafi a kan haraji ya girmi zuwan Turawa. A Kitab al-Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan Haɓe. Abin da dokar Lugard ta 1906 ta kawo shi ne haɗe kuɗaɗe iri-iri su zama haraji ɗaya, sannan a hankali aka tilasta biyansa da kuɗin Turawa maimakon wuri ko hatsi. Kuɗin yakan bi ta hannun mai unguwa da dagaci da uban ƙasa har ya isa baitulmalin En'e.

Tilasta biya da tsabar kuɗi a lokacin kaka ya bar wa magidanci hanyoyi kaɗan. Ko ya sayar da hatsi lokacin da ya fi faɗuwa, ya dawo ya saye shi da tsada a tsakiyar damina, ko ya shuka gyaɗa da auduga, abin da isowar jirgin ƙasa Ƙauran Namoda a 1929 ya sauƙaƙa, ko ya tura 'ya'yansa ci-rani. Ƙidayar da R. M. Prothero ya yi nazari a kanta, ta ranin 1952 zuwa 1953, ta nuna sama da mutum 250,000 suna fita daga Lardin Sakkwato. Wanda duk ya rasa waɗannan hanyoyi sai falle, kuma falle na bana shi ke rage rumbun baɗi.

Akwai wata fuska da ba a cika ambata ba. A tsarin gandu, maigida ne yake biya wa 'ya'yansa da ƙannensa haraji, ya ciyar da su, ya yi musu auren fari, su kuma su yi masa aiki a gonar gandu, su noma gayaunarsu a ragowar lokaci. Takardar haraji ta zama ɗaya daga cikin igiyoyin da suka ɗaure gida. Uban da ya kasa biya wa ɗansa ya rasa hujjar riƙe ƙarfinsa. Da gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, talakawa sun yi murna da gaskiyarsu, sai dai igiyar ta riga ta fara tsinkewa ta wasu wurare.

Bakolori

A wannan yanki abin da ya fi girgiza lissafin gida shi ne madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina tsakanin 1974 da 1978 ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tafkin ya cinye gidaje da gonakin dubban iyalai a ƙasar Maradun, aka mayar da su sababbin matsugunai a kan tudu. A filin noman rani na wajen Mafara da Bakura kuwa, an hana manoma shuka yayin da ake baje ƙasa da haƙa magudanai, an sare itatuwan amfani, diyya kuma ta yi ta jinkiri. Gidan da ya wuce damina bai yi shuka ba, ba shi da abin ci sai na rance, kuma babu kakar da zai dogara da ita ya biya. Manoma suka tare hanyoyin aikin, har aka kai ga harin 'yan sandan kwantar da tarzoma a Birnin Tudu da kewaye a watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa. Gwamnati ta ba da adadin mamata 'yan gommai, wasu majiyoyi suka ce ɗaruruwa ne. Björn Beckman ya yi fitaccen nazari a kan rikicin, W. M. Adams kuma ya nuna yadda raguwar ambaliya ta rage noman shinkafa da kamun kifi a fadamun da ke ƙasa da madatsar.

Bayan ƙura ta lafa, noman rani ya zo da nasa sharuɗɗa. Iri da taki da hayar tarakta da kuɗin ruwa duk da tsabar kuɗi ake biyansu, kuma tun kafin a ga ko ƙwaya. Mai jari ya samu girbi biyu a shekara. Marar jari ya samu gona mai daraja wadda ba zai iya nomawa ba, sai ya ba da ita haya ko jingina, ya koma ƙwadago a cikinta.

Zakka da hukuncin jingina

Gwamna Ahmad Sani Yarima, ɗan Bakura, ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoban 1999, aka kuma kafa Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Wannan ya sake fito da tambayoyin fiƙihu da suka shafi rumbu kai tsaye. Nisabin hatsi wasƙi biyar ne, ana fitar da ushiri daga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri daga abin da aka shayar da wahala. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo, bashi yana iya kayar da zakkar tsabar kuɗi, amma ba ya kayar da ta hatsi da dabbobi. Ma'ana, manomin da bashin taki ya kusa cinye girbinsa yana nan da nauyin zakka muddin ya kai nisabi, alhali ɗan kasuwar da yake bin sa yana iya cire nasa basussukan kafin lissafi.

Haka kuma malaman mazhabar ba su yarda mai ba da rance ya ci amfanin gonar da aka jinginar masa ba, domin rance ne da ya jawo amfani. Falle mai ninki ma riba ce tsantsa. Abin da shari'a ta halatta shi ne cinikin salam: a biya kuɗi yanzu, a karɓi sanannen awo a sanannen lokaci. Sai dai salam bai ƙayyade farashi ba, kuma mai yunwar watan Agusta ba shi da bakin ciniki. Da yawa daga abin da a da ake kira falle yana iya sauya suna ya ci gaba da rayuwa.

Dawowar kalmar haraji

A shekarun baya-bayan nan kalmar haraji ta dawo bakin mutanen Zamfara da sabuwar ma'ana: kuɗin da 'yan bindiga suke ɗora wa gari kafin a yi shuka ko a kwashe amfani. Tsarinsa ya yi kama da na da ta fuskoki masu tayar da hankali, domin a kan gari ake yanka shi dunƙule, a raba wa gidaje, a kuma neme shi da tsabar kuɗi a gaɓar da manomi ba zai iya jinkirtawa ba. Bambancin shi ne babu rasit, babu iyaka, kuma biya ga wani gungu ba ya hana wani zuwa. Kuɗin fansa ya fi shi muni, tunda ba ya jiran kaka. Rufe kasuwanni da katse layukan waya a watan Satumban 2021, da ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sun ƙara tsananta neman tsabar kuɗi a daidai lokacin da ake buƙatarta.

Dokar haraji ta tarayya da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025 ta yafe harajin kuɗin shiga ga mai samun naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara. Ga mafi yawan magidantan Kaya wannan sauƙi ne a kan abin da dama ba ya isowa ƙofarsu. Matsalar tana ga jingina. Gonar jeji da ba a iya zuwa ta daina zama abin da mai kuɗi zai karɓa, shanu kuma an kore ko an sayar. Abin da ya rage na saurin zama kuɗi shi ne filin ban-ruwa na kusa da gari, sai awaki da tumaki da kayan ɗaki, waɗanda a al'ada da shari'a dukiyar matan gida ce, ba ta maigida ba.