Ko Kun Sani? Mutum Na Iya Tafiya Da Karyayyar Ƙafa

Iya taka ƙafa bayan faɗuwa daga kabu-kabu ko harbin jaki ba ya nuna cewa ƙashi lafiya yake. Ƙasusuwa 2 ne tsakanin gwiwa da idon sawu. Babban, wato ƙashin ƙwauri, shi ke ɗaukar kusan dukkan nauyin jiki. Siririn da ke gefen waje kuwa ɗan kaɗan yake ɗauka, shi ya sa yakan karye mai shi ya ci gaba da ɗingishi, yana zaton targaɗe ne.

Wani abin mamaki, gurɗewar idon sawu na iya karya wannan siririn ƙashi can sama kusa da gwiwa, nesa da inda kumburin yake. Saboda haka likita kan lalubi ƙafar duka, ya duba bugun jini da motsin yatsu, sannan a ɗauki hoton ƙashi ta gaba da ta gefe.

Jama'ar Affala, in ciwon na ƙaruwa, ko yatsu suka yi sanyi, ko ƙashi ya huda fata, kada a kwana ana jiran mai ɗori. A nufi asibitin Tahoua nan take.