Kwamfuta ta ce ba ta ga saba ba? Duba wa take tambaya hanya

Idan kana aiki a wurin da aka haɗa kwamfutoci ƙarƙashin saba ɗaya, kamar asibiti, banki ko sakatariya, wataƙila ka san irin wannan safiyar. Ka saka sunanka da kalmar sirri, Windows ta ce babu sabar da za ta tantance ka. Jama'a na jira a layi. Mai kula da kwamfutocin yana Kaduna, kuma hanyar Birnin Gwari ba wadda za a ce wa mutum "taho yanzu-yanzu" ba ce. Daga nan sai a shiga laluɓe: wani ya ce a sauya kalmar sirri, wani ya ce bairos ne, wani ya ce a yi wa kwamfutar fomatin kawai. Na ƙarshen nan ne ke cinye fayilolin mutane a banza, domin sau da yawa ba a ma kai ga duba kalmar sirrin ba. Kwamfutar ce ba ta gano inda mai dubawar yake ba.

A tsarin Active Directory, wanda Microsoft ta fito da shi tare da Windows 2000, ana tara kwamfutocin ma'aikata a rukuni ɗaya da ake kira domen. Akwai saba mai riƙe da rajistar sunaye da izinin kowa. Mu kira ta mai gadin domen. Kwamfutarka ba ta haddace inda mai gadin yake na dindindin ba, sai ta riƙa tambaya. Wanda take tambaya shi ne DNS, tsarin da Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a 1983 don juya suna zuwa lambar adireshi, wato IP. Tambayar kuma ba "ina kwamfuta kaza?" ba ce kawai. Cewa take yi, "a wannan domen, wa ke aikin tantancewa?" Amsar tana cikin wani nau'in rajista da ake kira SRV, wanda mai gadin ke rubuta wa kansa a DNS na cikin gida.

To a nan gizo ke saƙar. Ka shiga tasha a Kaduna ka ce "Saminaka", da wuya ba motar Saminakar Lere za a nuna maka ba, can gabas, alhali kai ta yankin Birnin Gwari kake nufi, a yamma. Ɗan kamashon bai yi maka ƙarya ba, wadda ya sani ya faɗa. Kuma ko da ya gane garin, ba zai san gidan wani malami a cikinsa ba, wannan sai ɗan gari. Haka DNS na waje yake, irin 8.8.8.8 na Google ko wanda MiFi ke raba wa duk wanda ya hau. Ya san Facebook, ya san shafin JAMB, amma bai taɓa jin sunan sabar ofishinku ba. Shi ya sa za ka ga intanet na gudu lafiya lau, ana kallon bidiyo, amma shiga domen ya gagara.

Fara da wannan. Buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig /all, ka nemi layin da ke nuna sabobin DNS. Idan mai gadinku yana kan 192.168.1.10, misali, kuma shi ke riƙe da DNS kamar yadda aka saba a ƙananan ofisoshi, lambar da ya kamata ka gani ke nan. In ka ga lambar rauta ko 8.8.8.8, ka kama ɓarawon. In kuwa adireshin kwamfutar kanta ya fara da 169.254, ba ta samu mai ba ta adireshi ba sam, sai ka koma kan waya da suwic tukuna.

Akwai wata dabara da ake yi da kyakkyawar niyya, amma ni ina ganin ta fi kowace jawo ciwon kai: a saka mai gadi a matsayin DNS na farko, a saka 8.8.8.8 na biyu, wai don ko-ta-kwana. Windows ba ta tafiya wurin na biyu sai na farko ya yi shiru. In ta je, na biyun ya ce "babu wannan suna", sai ta karɓa a matsayin cikakkiyar amsa, har ta riƙe ta na ɗan lokaci. Yanzu ka haɗa wannan da yanayin wutarmu. An ɗauke wuta, an tada janareta. Kwamfutar tebur ta tashi cikin minti ɗaya, saba kuwa tana can tana miƙa. A wannan ɗan tsakanin kwamfutar ta tambayi mai gadi, shiru, ta juya ga Google, aka ce babu. Shi ne matsalar da ke zuwa yau ta ɓace gobe, har a fara zargin aljanu. Gyaran shi ne kwamfutoci su san DNS na gida kaɗai, shi kuma a saita shi ya riƙa miƙa tambayoyin waje ga Google ko kamfanin layinku. Haka nan in wani ya jona MiFi ko sabon rauta a netwok ɗin, a kashe masa DHCP, kada ya riƙa raba nasa adireshin.

Idan lambar daidai take, sai ka yi tambayar da kanka. A ce sunan domen ɗinku ofis.example ne:

nslookup -type=SRV _ldap._tcp.dc._msdcs.ofis.example

Ya kamata ya dawo da sunan mai gadi da tashar 389. Sannan nltest /dsgetdc:ofis.example zai nuna maka wane mai gadi kwamfutar ta samu. In babu rajistar SRV, matsalar tana kan saba: a sake tada hidimar Netlogon don ta sake rubuta kanta, a gudanar da dcdiag /test:dns. Bayan kowane gyara ka rubuta ipconfig /flushdns a kwamfutar, don ta manta tsohuwar amsa. Ka kuma riƙa gwadawa da cikakken suna, saba1.ofis.example, ba saba1 kawai ba. In cikakken ya yi aiki, gajeren ya ƙi, to wutsiyar sunan ce ba a saita ba. Labarin Saminaka ke nan.

Kada ping ya rufe maka ido. Samun amsa daga lambar saba yana nuna waya na da rai ne kawai. Kerberos, tsarin tantancewar da aka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1980, yana yanka tikiti ne da sunan hidima. In ka buɗe fayil ta lamba, Windows kan koma ga NTLM, tsohon tsari mai rauni, sai ka ɗauka an warke. Rubuta sunan saba a fayil ɗin hosts ma maganin rabi ne, tunda ba ya ɗaukar SRV.

Wannan ba ciwon ƙananan ofisoshi kaɗai ba ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace na kusan awa shida, bayan wani kuskuren saiti ya sa sabobin DNS ɗinsu suka daina samuwa. Kamfanin ya bayyana cewa rashin DNS ɗin ya karya har kayan aikin cikin gida da injiniyoyi ke bukata don gyaran. Mutanen Birnin Gwari da dama ba su ma shaida abin ba, domin tun ƙarshen Satumba aka katse layukan sadarwa a sassan jihar Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga, sai a ƙarshen Nuwamba aka dawo da su. Irin wannan yanayi shi ke tona asirin yadda aka tsara netwok. Ofishin da mai gadinsa da DNS ɗinsa ke cikin gini zai ci gaba da tantance ma'aikata ko babu intanet. Wanda sabarsa ke hedikwata, ana kai gare ta ta VPN, zai yi kamar yana aiki, saboda Windows kan adana bayanan shiga goma na baya-bayan nan. Tsohon ma'aikaci zai shiga kwamfutarsa, amma sabo ba zai shiga ba, kuma fayilolin da ke kan saba ba za su buɗe ba.

Saura agogo. In suna ya warware daidai amma har yanzu ana ƙin ka, duba lokaci. A saitin asali, Kerberos ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da mai gadi. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon kwamfuta, CR2032, in ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai agogo ya koma baya da shekaru. Rubuta w32tm /query /status ka ga daga ina take karɓar lokaci. In daga mai gadi ne, madalla. In ba haka ba, sauya batirin, gyara agogon da hannu, sannan ka gudanar da w32tm /resync.