Jan ƙaramar tirela a hanyoyin Mafara, Bakura da Maradun: Wace mota ce ta dace?

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin ɗaukar shatar mota ya zama abin da manomi da ɗan kasuwa ke lissafawa kafin komai. Ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Gusau ko Sakkwato amma yana da gonar rani a yankin Bakolori, da ɗan kasuwar da ke cin kasuwar Mafara duk ranar Talata, dukkansu suna da kayan da suka fi ƙarfin but ɗin mota amma ba su kai a ɗauko musu a-kori-kura ba: injin ban ruwa, tiyo, 'yan buhunan taki, janareto, tanti da katifa ga mai kwana a wurin aiki. Irin wannan kaya ne ke sa mutum ya fara tunanin ƙaramar tirela mai taya biyu da za a maƙala a bayan motar gida.

A Turai da Amurka irin wannan tirela ta yawon shaƙatawa ce, iyali su ja ta zuwa bakin tafki su kwana a cikinta. A nan buƙatar ta sha bamban, domin matsalar tsaro da ta addabi ƙauyukan Maradun, Bakura da Talata Mafara ta hana kowa sha'awar kwanan daji. Sai dai ƙa'idojin da waɗancan ƙasashe suka gina a kan jan tirela ba su da ruwa da dalilin tafiya. Nauyi nauyi ne, ko na kujerun shan iska ne ko na buhunan shinkafa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da tambayar ƙarfin inji. Kusan kowace mota mai lafiya tana iya jan kilo 700 a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, kamar yadda mutum ɗaya ke tura kurar ruwa mai jarka goma sha biyu. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen tsayar da kayan, da riƙe su a kan hanya idan babbar mota ta gifta da iska, da kuma jure zafin da inji da giya za su ɗauka. Saboda haka lissafi daga tirela yake farawa, mota ta biyo baya.

A ɗauki misalin tirelar da mai walda ya ƙera, wadda nauyinta ba kaya ya kai kilo 250. Da safe an ɗora mata injin ban ruwa mai inci uku, wanda ba ya wuce kilo 30, da tiyo da jarkar fetur kamar kilo 40, da buhu shida na taki, kowanne kilo 50. Jimilla kilo 620 ke nan. Ranar girbi kuwa, idan aka loda buhu shida na hatsi masu kilo 100, nauyin ya koma 850. Tirela ɗaya ce, mota ɗaya, amma tafiyar biyu ba ɗaya ba ce. Wanda zai sayi mota sai ya yi lissafi da ranar da kaya suka fi yawa, ba ranar da aka fita da tanti da katifa kawai ba. Shi ma nauyin tirelar ba a ƙiyasta shi da ido. A kai ta inda ake da babban sikeli a auna, domin masu walda kan zuba ƙarfe mai kauri don a ce aiki ya yi ƙwari.

Muhimmancin wannan adadi yana cikin wata iyaka da dokar Birtaniya ta gindaya, kuma masu ƙera motocin Turai ke bin irinta: tirelar da ba ta da birkin kanta kada ta wuce kilo 750 da kayanta, kuma kada ta wuce rabin nauyin motar da ke janta. Kusan duk tirelar da ake ƙerawa a bakin titi ba ta da birki. Ma'ana, mota mai nauyin kilo 1,100, ajin su Golf, iyakarta kilo 550 ne. Ko lodin safe na misalin da ya gabata ya fi ƙarfinta. Motar da za ta ɗauki cikakken kilo 750 sai nauyinta ya kai kilo 1,500. Abin da ya haura haka, kamar lodin ranar girbi, ko Hilux ce ke ja, tirelar na buƙatar birkinta.

Dalilin a fili yake. Birkin mota an auna shi ne da nauyin motar da fasinjojinta. Idan aka ƙara masa rabin wannan nauyi yana turowa daga baya, tazarar tsayawa ta ƙaru, kuma idan aka taka birki a kwana tirelar na iya ture bayan motar gefe. Gudu kuma yana ninka matsalar: wanda ya ninka gudunsa sau biyu ya ninka tazarar tsayawarsa kusan sau huɗu. Duk wanda ya san yadda bakin titin Mafara ke cika ranar kasuwa da babura, amalanke da dabbobi ya san ba wurin gwajin birki ba ne.

To yaya mai saye zai san abin da mota ke iya ja? Motocin da aka shigo da su daga Turai, irin su Golf, Sharan da Peugeot 406, suna ɗauke da wani ɗan faranti ko takarda a jikin ginshiƙin ƙofa ko a cikin bonet, mai layi huɗu na lambobi. Layin farko shi ne iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, na biyu iyakar motar haɗe da tirela, na uku da na huɗu kuma abin da gatarin gaba da na baya ke ɗauka. Idan aka cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne nauyin tirela mai birki da motar ke iya ja tana cike. Motocin Amurka kuwa sai an duba littafinsu, kuma da fam suke rubutawa, wanda bai kai rabin kilo ba. Corolla ta shekarun 2003 zuwa 2013 an ba ta fam 1,500, wato kilo 680. Sienna mai silinda shida da aka haɗa mata kayan ja tun daga kamfani tana kaiwa fam 3,500, kusan kilo 1,590. Sabbin Hilux na wasu kasuwanni an yarje musu har kilo 3,500 idan tirelar na da birki. Abin mamaki, Corolla ta Amurka daga 2014, mai giyar da ake kira CVT, kamfanin Toyota da kansa bai amince a ja tirela da ita ba, duk da ta fi yayyenta tsada da kyan gani.

Waɗannan alƙaluma na sabuwar mota ne, a ƙasa mai sanyi da hanya mai santsi. Motar da ta shekara ashirin, ta sha gargada, sifirin ɗinta ya kwanta, ba za a nemi ta cika su ba. Mai hankali kan bar rata mai yawa tsakanin abin da takarda ta ce da abin da zai ɗora.

Zafi ma abin dubawa ne. A watannin Afrilu da Mayu, daidai lokacin kwasar amfanin rani, ma'aunin zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40. Mota mai giyar otomatik tana dogara da man giya wajen isar da ƙarfin inji ga tayu, kuma jan kaya a hankali cikin yashi ne ya fi dafa wannan mai. Idan ya ƙone, giyabos ne zai tafi, gyaransa kuma na iya cinye abin da aka yi tattali na shata shekara guda. Mai irin wannan mota ya kamata ya sa bakanike ya ƙara mata ɗan lagireton sanyaya man giya. Mai giyar hannu ya huta da wannan, amma kulocinsa ne zai biya kuɗin duk wani tashi a kan hawa. A duka biyun, lagireto mai ɗigo ko fankar da ke aiki yau ta ƙi gobe sun isa su soke ciniki.

Sai batun hanya. Babban titin Gusau zuwa Sakkwato, wanda ya ratsa Talata Mafara, ba shi ne zai zaɓa wa mutum mota ba. Kilomitocin ƙarshe ne ke zaɓa, bayan an bar kwalta. Dam ɗin Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato an tsara shi ne ya shayar da kadada kusan 23,000 a ƙasashen Mafara, Bakura da Maradun, kuma gonakin na bin magudanan ruwa ne, ta hanyoyin ƙasa masu hawa da gangara, yashi da rani, laka da damina. Yawancin ƙananan motoci da tayun gaba suke ja. Idan tirela ta danne bayansu sai gaban ya ɗan ɗaga, tayun da ake dogaro da su su rasa riƙo daidai lokacin da ake hawa gaɓar magudana. Wannan ne ya sa tsohuwar Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, ta yi suna a karkara: da tayun baya take ja, kaya na ƙara mata riƙo ne. Wanda gonarsa ke cikin fadama sosai, mota mai jan taya huɗu da tsayin ciki yake buƙata. Wanda kuwa tafiyarsa daga shago zuwa kasuwa ce, ko daga Lambar Bakura zuwa cikin gari a kan kwalta, sayen Hilux don jan kilo 500 ɓarnar kuɗi ce da ta mai. Sienna, Sharan ko Highlander mai lafiya sun wadatar, kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu a Gusau da Sakkwato.

Akwai kuma abin da bai shafi irin motar ba, amma yana iya ɓata zaɓi mafi kyau, wato ƙugiyar ja. Ana yawan ganin an walda ƙarfe a jikin bamba ko a zoben da aka tanada don janye mota idan ta lalace. Ba a yi ɗayansu don wannan aiki ba. Ƙugiya ta gaskiya da kusoshi ake ɗaure ta a wuraren da kamfani ya huda a jikin shasi, kuma da yawa daga motocin Turai da ita suke zuwa, abin da ya kamata mai saye ya leƙa ƙarƙashin bamba ya duba tun a wurin dillali. Ƙwallon ƙugiyar Turai milimita 50 ne, na Amurka da aka fi sani inci 2, wato milimita 50.8. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, amma ya isa ya sa bakin tirela ya ƙi kullewa daidai, ya zame a rami. Shi ya sa sarƙar kariya tsakanin mota da tirela ba ado ba ce.

Yadda aka jera kaya ma yana sauya halin mota. Ana so kusan kashi 60 cikin 100 na nauyi ya kasance gaban gatarin tirela, ta yadda bakinta zai danna ƙugiya da kimanin kashi ɗaya cikin goma na jimillar nauyin, muddin bai wuce abin da aka rubuta a jikin ƙugiyar ba, wanda a ƙananan motoci yakan tsaya tsakanin kilo 50 da 75. Ana iya auna shi da sikelin awon mutum da guntun katako. Idan kaya suka taru a baya, tirela kan fara lilo da zarar gudu ya ƙaru, tana jan bayan motar dama da hagu. Direban da ya gamu da haka ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali ya riƙe sitiyari a miƙe. Taka birki da ƙarfi ko ƙoƙarin gyarawa da sitiyari ne ke kai mota cikin rami. Wannan nauyi da ke kan ƙugiya kuma ana cire shi ne daga abin da motar ke iya ɗauka, don haka ba a cika kujeru da but sannan a ƙara tirela.

Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da na VIO suna da hurumin tsayar da tirelar da ba ta da fitilar birki, sigina da abin ƙyalli a baya, domin tana rufe fitilun motar. Haɗa wayar aikin awa ɗaya ne ga mai gyaran wutar mota.

A wannan yanki lalacewar mota a hanya ba ɓata lokaci kaɗai ba ce. Direbobin haya da kansu suna ƙoƙarin shiga gari kafin magariba, kuma mai jan tirela ya fi kowa jinkiri: ba ya gudu, ba ya juyawa cikin sauri a ƙaramar hanya, yana da ƙarin tayu biyu da ka iya fashewa. Saboda haka yana da kyau mai walda ya ƙera tirelar da irin taya da ramukan kusoshin motar da za ta ja ta, domin safaya ɗaya ta yi wa duka biyun aiki, a kuma sa lokacin tashi daga gona tun kafin la'asar.