LABARIN GUNDUMAR LAMU, ƘASAR TSIBIRAI

A can ƙuryar arewa ta gaɓar ƙasar Kenya, inda iyakarta ta haɗu da ta Somaliya, akwai wata gunduma ana ce da ita Lamu. Wani sashe nata yana bisa babban tudu, wani sashen kuwa tsibirai ne warwatse cikin Tekun Indiya, manya da ƙanana, sun fi 60. Faɗinta duka ya haura mil 2,400 murabba'i, amma da aka yi ƙidaya a shekarar 2019, mutum 143,920 kaɗai aka samu cikinta, watau duk cikin gundumomin Kenya 47 ba wadda ta kai ta ƙarancin jama'a. Ƙarancin nan bai rage mata daraja ba, gama tsohuwar matattarar ilmi ce da fatauci. Yau kuma ta zama wurin da ake gwada wata mas'ala mai wuya, watau yadda hukuma guda za ta riƙe jama'ar da ruwa ya raba, ta kuma yi musu adalci.

Tsibiran da halinsu

Manyan tsibiran guda 3 ne: Lamu, da Manda, da Pate. Lamu shi ne wanda gundumar ta ci sunansa, a nan tsohon birni yake. Gidajensa da dutsen teku da farar ƙasa aka gina su, bene bisa bene, ƙofofinsu na katako sun sha sassaƙa. Lungunan garin sun yi ƙunci ƙwarai, har mota ba ta iya shiga, saboda haka jaki ne abin sufurinsu, shi ke ɗaukar yashi da buhu da mutum. A shekarar 2001 hukumar UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi da duniya ke kiyayewa.

Manda yana daura da Lamu, wata 'yar siririyar mashiga ce ta raba su. A nan filin jirgin sama yake, don haka baƙon da ya sauka sai ya shiga kwalekwale kafin ya taka birni. A Manda akwai kufan wani gari, Takwa, wanda mutanensa suka tashi tun ƙarni na 17. Masu binciken tarihi sun ce rijiyoyinsu ne suka yi gishiri. Pate kuwa shi ne mafi girma, yana arewa maso gabas, garuruwansa su ne Pate, da Siyu, da Faza, da Kizingitini. Gaba da shi akwai Ndau da Kiwayu, da waɗansu ƙanana da suka jeru har iyakar Somaliya, mazaunin Bajuni masunta.

Abin da ya kewaye tsibiran nan wani irin kurmi ne mai tsirowa cikin ruwan gishiri, mutanen wurin suna kiran itacensa mkoko. Fiye da rabin irin wannan kurmi na Kenya a Lamu yake. Sandunansa, waɗanda ake kira boriti, su ne azararsu, gara ba ta cinsu da sauri. Kamar yadda tsawon azara yake yanke wa magini faɗin soro, haka tsawon boriti yake yanke faɗin ɗaki a Lamu, shi ya sa ɗakunansu dogaye ne marasa faɗi.

Iska ita ce madugu

Fataucin wannan gaɓa bisa iska guda 2 aka kafa shi. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas take busawa, ana kiranta kaskazi, ita ke koro jiragen katako daga Oman da Hadramaut da Indiya, ɗauke da dabino da tufafi da tangaran da duwatsun wuya. In Afrilu ya kama sai iska ta juya ta zama kusi, mai zuwa daga kudu, sai jiragen su koma gida da boriti da hauren giwa da ƙwaryar kunkuru da riɗi, a zamanin da kuma har da bayi. Falken da ya makara iska ta juya masa, ba shi da dabara sai ya zauna watanni. Cikin wannan zama ne aka yi auratayya da cuɗanya, har harshen Sawahili ya cika da kalmomin Larabci. Sunan kansa daga Larabci yake, sawahil jam'in sahil, watau gaɓoɓi.

Attajiran ƙasar Hausa ma sun taɓa jin nauyin wannan gaɓa a aljihunsu. Daga tsakiyar ƙarni na 19, Jamusawa 'yan ciniki suka riƙa kwasar wurin da ake tsinta a gaɓar Afirka ta Gabas, suna loda shi a Zanzibar suna kai shi Ikko. Da ya yi yawa ya malalo arewa, sai darajar wuri ta faɗi a kasuwanni, har ya zama ɗaukarsa wahala ce ga fatake.

Malamai da alƙalami

A tsibirin Pate, a kufan Shanga, masu tono sun sami harsashin masallaci wanda aka kimanta shekarunsa da wajen ƙarshen ƙarni na 8, yana cikin mafiya tsufa da aka sani a Afirka ta Gabas. Mutanen tsibiran sun daɗe suna rubuta harshensu da baƙaƙen Larabci, kamar dai ajami. A Pate aka rubuta Utendi wa Tambuka a shekarar 1728, doguwar waƙa a kan yaƙin Tabuka. A shekarar 1858 kuma Mwana Kupona, matar mai mulkin Siyu, ta tsara wa 'yarta waƙar wasiyya wadda har yanzu ake karantawa.

A ƙarshen ƙarni na 19 wani sharifi, Habib Salih, wanda ya zo daga tsibiran Komoro, asalin kakanninsa Hadramaut, ya kafa masallaci da makarantar Riyadha a Lamu. Malami ne, kuma masanin magani. Ya buɗe ƙofarsa ga bayi da 'ya'yan talakawa, abin da bai yi wa waɗansu manyan gari daɗi ba. Maulidin da ya assasa yana tara jama'a daga ƙasashe da dama kowace shekara cikin watan Rabi'ul Awwal, kuma makarantar tana riƙe da tarin littattafan hannu.

Daga sarakuna zuwa zaɓe

A da kowane gari da hukumarsa, suna gasa, suna yaƙi. Pate ce ta fi ƙarfi ƙarƙashin sarakunan Nabahani, sai wajen shekarar 1812 rundunarta da ta Mazrui na Mombasa suka kawo wa Lamu hari, aka gwabza a Shela, Lamu ta rinjaya. Don tsoron ramuwa, mutanen Lamu suka nemi taimakon Sayyid Sa'id na Oman, ya aiko da askarawa, aka gama ginin ganuwar tsakiyar gari wajen 1821. Da haka tsibiran suka shiga hannun sarakunan Zanzibar. Jamus ta riƙe Witu a babban tudu daga 1885 zuwa 1890, sa'an nan ta bar wa Ingila. Da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Mombasa, aka kuma hana bauta a gaɓar a 1907, sai kasuwa ta ƙaura, gonaki suka koma daji, Lamu ta yi sanyi. Bayan Kenya ta sami mulkin kai a 1963, sai ta zama wani yanki na Lardin Gaɓa, al'amuranta ana yanke su a Mombasa da Nairobi.

Tsarin mulkin da Kenya ta karɓa a 2010 ya rushe larduna 8, ya kafa gundumomi 47, su suna ce musu kaunti. Aka yi zaɓen farko a watan Maris 2013. Kowace gunduma tana da Gwamna, jama'a ke zaɓensa na shekara 5, ba ya wuce karo 2. Issa Timamy ne ya fara, Fahim Twaha ya kayar da shi a 2017, sa'an nan Timamy ya komo a 2022. Gwamna yana da majalisar zartaswa da yake naɗawa, akwai kuma majalisar dokoki mai zaɓaɓɓun wakilai 10, ɗaya daga kowace mazaɓa. Ana ƙara waɗansu ta hanyar naɗi, domin doka ta hana maza ko mata su wuce kashi 2 cikin 3 na kujeru. Gundumar tana aika sanata guda, da wakiliyar mata guda, da wakilai 2 na Lamu ta Gabas da Lamu ta Yamma zuwa Nairobi.

An raba aiki tsakanin hukumomin nan. Asibitoci, da noma, da kamun kifi, da kasuwanni, da ƙananan hanyoyi, da karatun yara ƙanana suna wuyan gunduma. Tsaro, da 'yan sanda, da manyan makarantu, da tashar jiragen ruwa suna hannun gwamnatin ƙasa, wadda take da nata wakilin a wurin. Kuɗi kuwa galibinsu daga Nairobi suke zuwa, gama doka ta ce abin da za a raba wa gundumomi kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. A shekarar 2013 kuma aka lissafa Lamu cikin gundumomi 14 da aka bari a baya, waɗanda aka ba haƙƙi cikin wata taska ta musamman.

Inda gizo yake saƙa

Mai karatu ya dubi rabon mazaɓun nan 10. Guda 7 suna Lamu ta Yamma: Shela, Mkomani, Hindi, Mkunumbi, Hongwe, Witu da Bahari. Guda 3 kaɗai ke Gabas: Faza, Kiunga da Basuba. Cikin na Yamma ma, 2 ne kawai a tsibiri. A ƙidayar 2019, mutanen Gabas duka ba su kai 23,000 ba. Watau gundumar da ta ci sunan tsibiri, yawan ƙuri'unta a tudu yake, har ofisoshin hukuma ma an kafa su a Mokowe, bakin gaɓar tudu. Mutumin Kiwayu ko Faza da ke da mara lafiya mai tsanani, sai ya sami jirgi da mai, ya bi ta mashigar Mkanda wadda tafiya cikinta take tare da cikar teku da janyewarsa, kafin ya isa babban asibitin Sarki Fahad a Lamu. In lokacin kusi ne teku ya yi fushi, tafiyar takan zama kasada da rai.

Sai maganar ruwan sha. Tsibirin Lamu ya dogara ga tuddan yashi na Shela, waɗanda ke shanye ruwan sama su ajiye shi bisa ruwan gishiri. In aka ja ya yi yawa, ko aka yi gini bisa yashin, gishiri sai ya hauro, abin da ya sami Takwa ke nan. Mutanen Pate kuwa ruwan sama suke tarawa cikin manyan kwatarniyoyin siminti da ake kira jabiya, in damina ta gaza sai a sayo ruwa a jirgi.

Mafi zafi duka ita ce maganar ƙasa. Cikin shekarun 1960 rikicin Shifta ya kori Bajuni da yawa daga ƙauyukansu na tudu. Cikin shekarun 1970 kuma gwamnati ta zaunar da manoma daga tsakiyar Kenya, yawancinsu Kikuyu, a Mpeketoni, ta ba su filaye, suka yi ƙwazo suka noma auduga da masara da yazawa. Amma 'yan asalin wurin da yawa, da Bajuni, da Aweer mazauna dajin Boni, da Orma makiyaya, ba su da takardar mallakar ƙasar kakanninsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Yuni 2014 'yan bindiga suka afka wa Mpeketoni da kewayenta, suka kashe mutum wajen 60, ƙungiyar Al-Shabab ta ce ita ta yi. Wata guda bayan haka Shugaba Uhuru Kenyatta ya ba da umarni a soke takardun fili wajen eka 500,000 da kamfanoni 22 suka mallaka. A 2015 aka shigar da soja dajin Boni, a watan Janairu 2020 kuma aka kai hari sansanin Manda Bay, Amurkawa 3 suka mutu.

Sabuwar tasha

Abin da ya sa filayen nan suka yi tsada shi ne tashar jiragen ruwa. A watan Maris 2012 shugabannin Kenya da Habasha da Sudan ta Kudu suka aza harsashin wani babban shiri, na tasha mai zurfi daura da Manda, da hanyoyi da bututun mai zuwa ƙasashensu. A watan Mayu 2021 aka buɗe matsayar jirgi ta farko. Amma yasar teku ta ɓata wuraren su, ta kuma sare kurmi. Masunta suka kai ƙara, a 2018 Babbar Kotu ta yanke a biya mutum wajen 4,600 diyyar shilin miliyan 1,760, sai dai an yi shekaru ana jiran kuɗin. A watan Yuni 2019 kuma wata kotun muhalli ta soke izinin gina injin wutar lantarki mai aiki da kwal a Kwasasi, bisa hujjar ba a shawarci jama'a yadda ya kamata ba.

Hukunce-hukuncen nan guda 2 sun nuna talakan tsibiri yana da inda zai kai kukansa a saurare shi. Amma tasha ta gwamnatin ƙasa ce, Gwamnan Lamu ba shi da iko da ita, alhali jama'arsa ne suka ba da ruwansu da ƙasarsu. Abin da dattawan tsibiran ke nema a fili yake: a ba mai ƙasa takardarsa tun fili bai ƙare ba, a ɗauki 'ya'yansu aiki a tashar, a tsare tuddan Shela, a kuma sa jiragen ɗaukar marasa lafiya isassu tsakanin tsibirai. In an yi haka, mai yiwuwa kasuwar da ta bar Lamu fiye da shekara 100 da suka wuce ta komo ta tarar da masu gida a gidansu. Allah Ya zaunar da ƙasarsu lafiya, Ya ba shugabanninsu ikon adalci, amin.