Riƙo a Hannun Hukuma: Aikin Jami'in Kula da 'Ya'yan Riƙo a Ingila

Riƙo daɗaɗɗiyar al'ada ce a ƙasar Hausa. Mutum yakan ba 'yar'uwarsa wadda ba ta sami haihuwa ba ɗa, ko kaka ta ɗauki jikanta bayan yaye, ko a haɗa amarya da 'yar ƙaramar yarinya ta yi mata zaman ɗaki. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, cike yake da irin waɗannan misalai. Ɗan riƙo ba ya sake uba, ba ya kuwa gadon mariƙinsa. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, riƙon Hausa yana tafe da masu sa masa ido. In yarinya ta rame, za a gani a gidan suna ko wurin biki, gwaggo ta yi magana, in abin ya ƙi gyaruwa a je a karɓo ta.

A Ingila ma akwai riƙo, sai dai sau da yawa yaron gidan bare ake kai shi, bayan kotu ta raba shi da iyayensa saboda cuta ko sakaci, ko kuma iyayen sun miƙa shi ga ƙaramar hukuma da yardarsu. Can babu gwaggon da za ta leƙa. Don haka hukuma ta ɗauki ma'aikaci, ta horar da shi, tana biyansa albashi ya zama idon da dangi suke zama a wurin Bahaushe. Shi ne a nan za a kira jami'in riƙo.

Mutuwar wani yaro ce ta haifar da wannan aiki yadda aka san shi. A watan Janairu na 1945 Dennis O'Neill, ɗan shekara 12, ya mutu a wata gona a lardin Shropshire saboda yunwa da dukan mariƙinsa. Bincike ya nuna cewa hukumomin da suka kai shi can ba su bi sawunsa yadda ya kamata ba. Daga nan aka sami rahoton kwamitin Curtis a 1946, sannan Dokar Yara ta 1948 wadda ta wajabta wa ƙananan hukumomi naɗa jami'in yara. Dokar Yara ta 1989 ita ce ginshiƙin aikin a yau.

Bisa tsari, jami'ai biyu ne ke kan kowane riƙo. Ɗaya na mariƙa ne. Shi ke bincikar mai neman riƙo wata da watanni, watau lafiyarsa da halinsa da zaman gidansa da ko ya taɓa aikata laifi, ya kai rahoto gaban kwamitin tantancewa, in an amince kuma ya ci gaba da ba shi shawara da horo. Na biyun na yaron ne kansa. Hikimar raba su a fili take: wanda ya saba da masu gida, yana shan shayinsu, da wuya ya yi saurin zarginsu.

Jami'in yaro shi ke rubuta shirin riƙo, inda ake fayyace makarantar yaron da lafiyarsa da makomarsa, ko zai koma wurin iyaye ko zai zauna har ya kai shekara 18. Shi ke shirya ganawarsa da iyayensa da 'yan'uwansa, domin doka ta ɗauki wannan zumunci haƙƙi ne sai in akwai dalilin yanke shi. Akan yi zaman bita na farko cikin kwanakin aiki 20, na biyu cikin wata uku, daga nan duk wata shida, kuma wani jami'i dabam ne ke shugabantar zaman don kada mutum ya zama alƙalin aikinsa.

Amma zuciyar aikin ita ce ziyara. Ƙa'idojin 2010 sun ce a ziyarci yaro cikin makon farko da kai shi gida, sannan kada a wuce mako shida ba a koma ba a shekarar farko. Ana kuma son jami'i ya keɓe da yaron, su yi magana ba a gaban mariƙi ba, in dai shekarunsa sun kai kuma bai ƙi ba. Duk wanda ya san kunyar ɗan riƙo ya san dalili. Yaron da ake tambayarsa ko yana ƙoshi, ga uwar riƙonsa tsaye a bakin ƙofa, amsa ɗaya ce gare shi. Sauran aikin, irin su rubuta rahoto da tsayawa gaban kotu, yakan cinye lokacin jami'i har ziyarar ta koma ta cika sharaɗi kawai, kuma nan ne ɓarna ke shigowa.

Akwai wani nauyi da ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Dokar 1989 ta umarci hukuma ta yi la'akari da addinin yaro da asalinsa da al'adarsa da harshensa kafin ta yanke shawara a kansa. Haka kuma dokar ta taƙaita ma'anar ɗan'uwa ga kaka da wa da ƙane da ya da ƙanwa, da 'yan'uwan uwa ko na uba na jini ko ta hanyar aure, da mijin uwa ko matar uba. In wanda ba ya cikin wannan jeri ya riƙe yaro ɗan ƙasa da shekara 16 har kwana 28 ko fiye, dole a sanar da hukuma, jami'i ya riƙa zuwa. Ke nan ɗan baffa, wanda Bahaushe ke kira wa ko ƙane ba tare da wani bambanci ba, bare ne a idon wannan doka, haka ma ƙanwar kaka.

Wannan saɓanin ma'ana ya daɗe yana shafar mutanen Afirka ta Yamma, tun shekarun 1960 lokacin da ɗalibai daga Nijeriya da Gana suke ba Turawa riƙon 'ya'yansu don su sami sukunin karatu. Ya sake fitowa da muni a kan Victoria Climbié, 'yar ƙasar Kwaddibuwa, wadda iyayenta suka ba wata 'yar'uwar kakanninta riƙo da fatan za ta sami ilmi a Turai. Matar ta gabatar da ita ga hukuma a matsayin 'yar cikinta. Yarinyar ta mutu a Landan a watan Fabrairu na 2000 tana da shekara 8, bayan doguwar azaba, alhali jami'ai da likitoci da 'yan sanda sun san da ita. Rahoton Laming na 2003 ya nuna cewa kusan ba wanda ya zauna ya saurare ta. Faransanci ta fi ji, ba a kuwa nemo mata tafinta ba. Cikin shawarwarin rahoton har da cewa duk yaron da Ingilishi ba harshensa na farko ba ne, a yi magana da shi ta bakin tafinta idan ana bincikar lafiyar zamansa.