Hanya Ɗaya Tilo ta Bin Jakunkunan Kwamfuta

Duk ɗalibin da ya taɓa kwafe darasi daga littafin abokinsa ya san cewa kuskure ma kwafuwa yake yi. Ko an gyara shi a littafi ɗaya, yana nan daram a sauran. Masu rubuta umarnin kwamfuta ma suna fama da wannan matsala.

A shekarar 2005 ne Linus Torvalds ya ƙirƙiro manhajar Git, wadda ke adana tarihin kowane canji da aka yi wa rubutun umarnin kwamfuta. Ana ajiye fayiloli ne cikin jakunkuna, wata jaka cikin wata, kamar rassan bishiya. Sau da yawa Git kan bi rassan nan: ta buɗe jaka, ta duba abin da ke ciki, ta shiga ƙananan jakunkuna, sa'an nan ta dawo. Da farko sassan Git da dama kowanne yana da nasa umarnin yin wannan aiki.

Masana ilmin halittu sun san abin da kan biyo baya. Idan ƙwayar gado ta ninku, kwafin biyu kan bambanta sannu a hankali. Ta haka aka sami ire-iren furotin na globin da ke cikin jini. Wannan alheri ne ga halitta, amma haɗari ne ga manhaja. Alal misali, sashen Git mai kwafar ma'ajiya a cikin kwamfuta ɗaya ya kasance yana tsallake ɓoyayyun jakunkuna, alhali yana kwafar ɓoyayyun fayiloli.

A 2016 aka rubuta umarni guda na bin jakunkuna, mai suna dir-iterator, domin sassa daban-daban su riƙa kiransa. A 2019 aka daidaita wancan saɓani, aka mai da sashen kwafa kan wannan umarni.

Amfanin haka ya bayyana a watan Fabrairu na 2023. An gano cewa mugu zai iya dasa alamar da ke nuni zuwa wata jaka dabam, Git ta bi ta, ta kwaso fayilolin sirri na mai kwamfuta. Wani ɓangare na maganin cikin dir-iterator aka sa shi, duk sashen da ke kiransa kuwa ya sami kariyar nan take.