Wasan gacha a salula: lissafin da ya kamata matashin Damargu ya yi kafin ya fara

A fadar samari da rumfunan cajin salula na Tanut da Belbeji, wasannin da ido ya saba da su a waya su ne ƙwallon ƙafa, Ludo, da na harbe-harbe irin Free Fire. Sai dai duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya sha cin karo da tallar wani nau'i daban: jarumai na zanen Japan da ake kira anime, masu manyan idanu da gashi kala-kala, riƙe da takobi suna fafatawa da dodanni, a ƙasa kuma an rubuta cewa kyauta ne. Irin wannan wasa shi ake ce wa gacha. Saukar da shi kyauta ne da gaske, amma akwai inda masu shi suke cin ribarsu, kuma gara mutum ya san wurin tun bai taka ba.

Sunan ya samo asali ne daga wata na'ura da ke cike da shaguna a Japan, gachapon. Yaro ya jefa tsabar kuɗi, ya murɗa hannu, wani ɗan ƙwanso ya faɗo da abin wasa a ciki. Bai san me zai fito ba sai ya buɗe. Kamfanonin wasan salula sun ɗauki wannan dabara suka sa a waya: maimakon mutum ya sayi jarumin da yake so, sai ya sayi ƙuri'a, na'ura ta zaɓa masa. Kunnen Bahaushe kan ji gacha kamar caca. Kalmomin biyu ba su haɗa dangi ba, amma kunnen bai yi kuskure sosai ba.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Genshin Impact, na kamfanin miHoYo da ke birnin Shanghai na ƙasar Sin, wanda ya fito ranar 28 ga Satumba 2020. A wajen Sin kamfanin yana amfani da sunan HoYoverse, kuma shi ne ya fitar da Honkai: Star Rail a watan Afrilu 2023. Labarin Genshin na wasu tagwaye ne da aka raba. Mai wasa ya zaɓi ɗaya, namiji ko mace, ya shiga wata duniya mai suna Teyvat yana neman ɗan'uwansa, yana bi gari-gari, yana buɗe akwatunan dukiya, yana tara abokan yaƙi. Mutum huɗu ake fita da su fagen fama, kowane da ƙarfinsa: wuta, ruwa, iska, ƙanƙara, tsawa, tsiro ko dutse. Daɗin wasan yana wajen haɗa su, a jiƙa abokin gaba da ruwa sannan a daskarar da shi da ƙanƙara. Babu Hausa a ciki, amma akwai Faransanci, don haka wanda ya yi makarantar boko zai bi labarin.

Kafin a kai ga maganar ƙuri'a, waya ce alƙalin farko. Genshin yana cin sama da giga 20 a cikin salula, kuma yana son waya mai RAM giga 4 zuwa sama. Ƙaramar Itel ko Tecno mai giga 32, wadda hotuna da saƙonnin WhatsApp suka riga suka cika, ba za ta ɗauka ba, ko ta ɗauka za ta riƙa sanƙarewa. Saukar da giga 20 da forfen Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne, sannan duk mako shida kamfanin yana fitar da sabon gyara da dole a sauke kafin wasan ya buɗe. Ba a kuma yin sa sai da intanet. Rezo ya yanke, wasa ya tsaya. Wanda ke garin Tanut ko Bakin Birji, a bakin babbar hanyar Damagaram zuwa Agadas, lissafinsa daban da na wanda ke ƙauyukan Tarka ko Tenhiya, inda sai an nemi tudu kafin saƙo ya tafi. Mai niyyar zuwa Damagaram, ya bari sai ya samu wifi a can ya sauke babban kason. Ga kuma zafi: wasan yana ƙona batir, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40, wayar da ake wasa da ita tana kan caji ba ta daɗewa. Rage kyan hoto zuwa mafi ƙanƙanta a cikin saiti yana rage wannan wahala.

Da an buɗe, za a nemi mutum ya zaɓi yankin da zai yi wasa: Amurka, Turai ko Asiya. Na Turai ya fi kusa da Nijar, kuma agogonsa ɗaya da na ƙasar, wato sabuwar ranar wasa tana farawa ƙarfe 4 na asuba. A lura, abin da aka tara a wani yanki ba ya komawa wani, don haka abokan da ke son yin wasa tare su daidaita tun farko. A kuma ɗaura asusun a kan adireshin imel na mutum kansa, ba na mai rumfar da ya saukar masa ba. In waya ta faɗi ko aka sace, da shi ake dawo da komai.

Kwanakin farko babu abin da ake buƙata sai bin labari. Wasan da kansa yana ba da jarumai uku kyauta, Amber, Kaeya da Lisa, kuma ƙuri'ar sababbin shiga tana ba da Noelle a cikin goman farko. Da waɗannan ana yin nisa ƙwarai. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne raba kayan ƙarin ƙarfi a kan kowane jarumi da ya fito. Gara a riƙe huɗu a gina su sosai.

Sai ƙuri'ar kanta, wadda a Faransancin wasan ake kira Vœux. Kowace ɗaya tana cin duwatsu 160, su ne Primo-gemmes. Jarumai mafi daraja su ne masu tauraro biyar, kuma damar fitowarsu a ƙuri'a guda, bisa alƙaluman da kamfanin ya wallafa, kashi 0,6 ne cikin ɗari. Wato shida cikin dubu. Akwai alkawarin cewa in an kai ƙuri'a 90 bai fito ba, dole ya fito. Amma a nan gizo yake saƙa: wanda zai fito ɗin, kusan rabi da rabi ne ya zama shi ne jarumin da ake talla a lokacin ko wani daban. In aka faɗi, sai a sake wani zagaye, wanda shi ma zai iya kai 90. Tabbacin samun jarumi guda ɗaya, ke nan, ƙuri'a 180 ne, duwatsu 28.800.

Ayyukan kullum na cikin wasan suna ba da duwatsu 60 a rana. Da su kaɗai, ƙuri'a 90 sai an yi kwana 240, wata takwas, fiye da abin da manomin Gangara yake jira daga shuka zuwa zuba hatsi a rumbu. Akwatuna da bukukuwan da ake shiryawa a cikin wasan suna rage wannan jira sosai, musamman a watannin farko da duwatsu ke zuba kamar ruwan Agusta. Wannan yalwar ta farko da gangan aka yi ta. Sai mutum ya saba da cirewa, sannan rijiya ta ja baya, a daidai lokacin da aka kawo sabon jarumi aka ce mako uku kawai zai yi.

Wanda ya ce zai saya da kuɗi, babban ƙunshi dalar Amurka 99,99 ne (dalar Amurka, ba dalar kasuwa mai tamma biyar ba), yana ba da duwatsu 8.080. Cika 28.800 ya haura dalar Amurka 350, kusan jika 200 na sefa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne. Albashin kusan wata biyar ke nan a kan hoton da ba a iya sayarwa, ba a jinginarwa, kuma ranar da kamfani ya rufe wasan ya tafi da shi. Akwai ƙaramin tsari na wata-wata, dalar Amurka 4,99, wajen jika 3, mai ba da ƙuri'a 18 a kwana talatin. Shi ya fi araha, amma da sharaɗi: sai an shiga kowace rana, ranar da aka tsallake rabonta ya wuce. Dabarar ɗaure mutum ce, kamar yadda wani ma'aunin ƙarfi da ke cikin wasan yake cika maki ɗaya duk minti takwas don mai waya ya ji asara ce in bai leƙa ba.

Hukumomin ƙasashen da wasannin suka fito sun daɗe da ganin haka. Japan ta hana wani nau'in gacha mai tilasta haɗa cikakken jeri a 2012. Sin ta wajabta wa kamfanoni bayyana alƙaluman sa'a daga Mayu 2017, kuma a 2021 ta taƙaita wa ƴan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa uku a mako. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa akwatin sa'a da ake saya da kuɗi caca ne. A Janairu 2025, masu Genshin sun amince su biya dalar Amurka miliyan 20 bayan hukumar kasuwanci ta Amurka ta zarge su da ruɗar yara a kan ainihin tsadar ƙuri'a, aka kuma hana su sayar wa ƴan ƙasa da shekara 16 sai da yardar iyaye. Ga iyaye a Damargu, tambayar da za a kai wa malami a fili take: a biya kuɗi a kan abin da ba a san me zai fito ba. Su kuma duba wasan da idonsu, domin a Turai an ware shi ga ƴan shekara 12 zuwa sama, shigar wasu jarumai mata ba irin ta gida ba ce, labarin kuma cike yake da gumaka da allolin tatsuniya.

Abin da ya zama katanga ga matasa da yawa shi ne sayen duwatsu yana son katin banki ko katin Google Play, abin da ba kowa ke da shi ba. Ta wannan ɓarakar ƴan damfara suke shigowa. A rukunonin WhatsApp da Telegram akwai masu cewa a turo kuɗi su zuba duwatsu da rahusa, su nemi imel da kalmar sirri. Akwai masu sayar da asusu cike da jarumai masu tauraro biyar. Dokar wasan ta hana ciniki da asusu, kamfani yana iya rufe shi, kuma mai sayarwa yana iya ƙwace abinsa bayan kwana biyu tunda imel ɗin farko yana hannunsa. Kuɗin da ya tafi ta wannan hanya babu ofishin da za a je a nemo shi, a Tanut ko a Yamai.

Babban labarin Genshin, daga garin farko na Mondstadt har inda aka kai yanzu, ana bin sa ba tare da an biya ko tamma ɗaya ba. Masu yin haka suna tara duwatsunsu wata biyu ko uku, su bar jarumai da dama su wuce, su zuba duka a kan guda ɗaya da suka zaɓa tun da wuri. Ƙuri'un da aka cire a wannan zagaye ba sa ɓata, ana ci gaba da ƙirga su a na gaba, don haka wanda ya tsaya a 60 yau, saura masa 30 idan sabon jarumi ya zo.